Tambayoyi da Amsoshi a Kan Tafiyar Yini Guda da Ƙafa Tsakanin Ƙauyukan Kwarin Poqueira

A shekarar da na yi ina karatu a Jami'ar Giranada da ke kudancin Sifaniya, sau uku ina zuwa kwarin Poqueira, kuma a kowane zuwa da ƙafa na taka tsakanin ƙauyukan Pampaneira da Bubión da Capileira. Tun daga lokacin 'yan'uwa ɗalibai, musamman sababbin zuwa daga Najeriya da Nijar, suke turo mini tambayoyi kusan iri ɗaya a kan wannan tafiya, shi ya sa na tattara su wuri guda domin in amsa gwargwadon abin da na gani da idona da kuma abin da na karanta na tarihin wurin.

Ina ne Poqueira, kuma mene ne a can?

Poqueira sunan wani kogi ne da ke gangarowa daga duwatsun Sierra Nevada ta fuskar kudu, a yankin da ake kira Alpujarra, kuma kwarin da kogin ya yanka a jikin dutsen shi ma sunan yake amsawa. A gefen gabas na kwarin akwai ƙauyuka uku da suka jeru ɗaya bisa ɗaya kamar matakala. Pampaneira ce a ƙasa, a tudun da ya kai kimanin mita 1,060 daga doron teku, sai Bubión a wajen mita 1,300, sai Capileira a can sama, wadda ta haura mita 1,400. Wanda ya san Jos, wadda ke wajen mita 1,200, zai iya kwatanta tsayin, sai dai a nan dutsen bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa har zuwa ƙololuwar Mulhacén mai mita 3,479, wadda babu tsaunin da ya kai ta a ɓangaren Sifaniya da ke cikin nahiyar Turai. Mazauna kowane ƙauye 'yan ɗaruruwa ne kawai. A shekarar 1982 hukuma ta sanya ƙauyukan uku cikin wuraren tarihi da doka ta hana a sauya fasalin gininsu, sannan a 1999 aka mayar da tsaunukan da ke samansu gandun ƙasa.

Yaya ɗalibin da ba shi da mota zai isa wurin?

Motocin bas na kamfanin ALSA suna tashi daga babbar tashar Giranada, su bi ta Lanjarón, garin da ya yi suna da ruwan gora, su tsaya a Órgiva, sannan su kama hawa zuwa ƙauyukan uku. Nisan bai wuce kilomita 70 zuwa 75 ba, amma tafiyar tana cin awa biyu ko fiye, saboda daga Lanjarón zuwa sama titin murɗe-murɗe ne a gefen kwazazzabo. Wanda mota ke sa wa jiri ya nemi kujerar gaba, kuma kada ya cika ciki kafin a tashi. Motocin kaɗan ne a rana, don haka kafin mutum ya sayi tikitin zuwa ya fara duba lokacin motar ƙarshe da ke komawa birni, ya tsara yininsa a kanta.

Nawa ne nisan tafiyar, kuma wanda bai taɓa hawan dutse ba zai iya?

Hanya biyu ce. Gajeriyar ita ce tsohuwar turbar alfadarai da ta haɗa ƙauyukan kai tsaye, wadda ba ta kai kilomita 4 ba daga Pampaneira zuwa Capileira, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana gama ta cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da hutu. Kada gajartar ta ruɗi mutum, domin a cikin wannan ɗan nisa ake hawan kusan mita 400, kuma mafi tsananin hawan yana tsakanin Pampaneira da Bubión, wato a farkon tafiya, lokacin da jiki bai gama sakewa ba.

Doguwar hanyar zagaye ce mai lamba PR-A 70, wadda suke kira Pueblos del Poqueira. Tana ratsa ƙauyukan uku, ta sauka har bakin kogi, ta tsallaka gada zuwa ɗaya gefen kwarin, ta bi ta tsofaffin gonaki da kangayen gidajen gona, sannan ta sake tsallakowa. Ta kusa kilomita 10, kuma ya kamata a ware mata awa huɗu zuwa biyar. Ni ita na fi so, saboda sai daga wancan gefen ake ganin ƙauyukan uku gaba ɗaya, farare fat, manne a jikin dutse, ƙanƙara na samansu. Amma wanda zuwansa na farko ke nan, ina ba shi shawarar ya fara da gajeriyar. Duk mai lafiya da ke iya hawa unguwar Albaicín a Giranada ba tare da ya zauna a hanya ba zai iya ta.

Gara a fara daga sama a gangaro, ko daga ƙasa a haura?

Mutane da yawa suna zaɓar su sauka a Capileira su gangaro, a ganinsu ya fi sauƙi. Numfashi kam yana hutawa, amma gwiwa ce ke biyan kuɗin, domin turbar duwatsu ce marasa daidaito, wasu kuma suna motsi idan an taka. A zuwana na farko na gangaro da takalmi mai sulɓin ƙasa, na zame a wani wuri da ruwa ya jiƙa, na yi kwana uku gwiwata tana ciwo. Daga nan na koma farawa daga Pampaneira da safe, lokacin da rana ba ta yi zafi ba, in isa Capileira wajen azahar, in jira bas a can. Wannan tsarin yana da wata riba kuma, wato tsaunukan suna gaban mutum duk tsawon tafiyar, maimakon ya ba su baya.

Tun da bas ɗin yana tsayawa a duk ƙauyukan, me zai sa in wahalar da kaina da tafiyar ƙafa?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa. Abin da ya fi daraja a kwarin yana tsakanin ƙauyukan ne, inda titin mota ba ya bi, wato ruwa da yadda aka sarrafa shi. Da zarar mutum ya fita daga Pampaneira zai fara jin ƙarar ruwa a gefensa, a cikin wasu ƙananan magudanai da aka haƙa a jikin dutse, waɗanda suke kira acequia, kalmar da ta samo asali daga Larabci, as-saƙiya. Magudanan suna ɗauko ruwan ƙanƙarar da ta narke a can ƙololuwa, su bi da shi gefen dutse a hankali, da ɗan karkata kaɗan yadda ba zai tsaya ba kuma ba zai yi gudun da zai cinye ƙasa ba, har ya isa gonakin da aka yanka hawa-hawa aka tokare kowane hawa da katangar dutse.

Akwai wani nau'in da ya fi ba ni mamaki, wanda suke kira acequia de careo. Aikinsa shi ne ya kai ruwan bazara wasu wurare da aka sani a saman dutse, a sake shi da gangan ya nitse cikin ƙasa. Ruwan zai yi makonni ko watanni yana tsiyaya ta cikin tsagogin dutse, sannan ya ɓullo a maɓuɓɓugan da ke ƙasa a tsakiyar rani, daidai lokacin da sama ta ɗauke kuma ƙanƙara ta ƙare. Wato sun mayar da dutsen kansa randa. Mutanen wurin suna cewa shuka ruwa suke yi, su girbe shi daga baya. Duk wanda ya tashi a inda ake noman rani, ya san yadda ake rabon ruwa a fadama da irin rigimar da yake haddasawa, zai fahimci girman wannan aiki, domin har yau manoman suna da ƙungiyoyin masu ban ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa, kuma kowace shekara sai an fita gayya an yashe magudanan kafin ruwa ya sauko.

A fadar Alhambra da ke Giranada ɗalibi yana ganin abin da sarakunan Andalus suka bari, bayan ya sayi tikiti ya bi layi. A wannan turba kuwa abin da talakawansu manoma suka bari yake takawa, kuma abin yana aiki har yanzu, yana shayar da dankali da wake da itatuwan goro irin na Turai da na castaña, wani babban itace mai 'ya'ya cikin ɓawo mai ƙaya da ake gasawa a ci da kaka. A hanya kuma za a ci karo da masussukai, filaye zagayayyu da aka daɓe da dutse a inda iska ke kaɗawa, domin sussuka da shiƙa. Ta tagar bas ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da gaske ne Musulmi ne suka zauna a waɗannan ƙauyuka?

Gaskiya ne, kuma yankin yana cikin wuraren da mulkin Musulmi ya fi daɗewa a ƙasar. A zamanin daular Banu Nasr, wadda ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, Alpujarra ta shahara da siliki, kuma har yanzu ana ganin ragowar itatuwan da tsutsar siliki ke cin ganyensu. Sunan Mulhacén ma daga sunan Sarki Maulaya Abul Hasan Ali ya fito, mahaifin Muhammadu na 12, wanda Turawa ke kira Boabdil. Shi wannan ɗan ne ya miƙa Giranada ga Sarki Fernando da Sarauniya Isabel ranar 2 ga Janairu, 1492, aka ba shi wuri a Alpujarra ya zauna na ɗan lokaci kafin ya ƙetare zuwa Maroko.

Yarjejeniyar miƙa birnin ta yi wa Musulmi alkawarin riƙe addininsu, amma ba a cika shekara goma ba aka tilasta musu shiga Kiristanci, aka riƙa kiransu Moriscos. Da Sarki Felipe na 2 ya kafa doka a 1567 da ta haramta musu harshen Larabci da suturarsu da al'adunsu, sai suka yi tawaye a ƙarshen Disamban 1568 a ƙarƙashin wani da ya ɗauki sunan Ibn Umayya, kuma waɗannan duwatsu ne suka zama fagen yaƙin. An yi ta'asa a ɓangarorin biyu, an kashe limaman coci da mabiyansu, an kuma karkashe Moriscos tare da bautar da mata da yara. Zuwa 1571 an murƙushe tawayen, aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga masarautar Giranada aka warwatsa su cikin ƙasar, aka kawo Kiristoci daga wasu yankuna suka gaji gidajen da gonakin. Daga 1609 kuma aka fara korar Moriscos daga Sifaniya baki ɗaya.

Ina roƙon 'yan'uwa su riƙe abu guda idan sun je. Mutanen da ke zaune a ƙauyukan a yau sun shafe fiye da shekara 400 a wurin, su ne suka raya magudanan da gonakin har muka zo muka gani, don haka bai dace baƙo ya shiga yana yi musu kallon masu zaman aro ba. Na taɓa jin wani abokin tafiya yana faɗa wa wata dattijuwa cewa gidanta na kakanninsa ne, kuma na ga yadda fuskarta ta canza. Tarihin yana da ɗaci, ni ma na ji ɗacinsa a raina, amma ba ita ta yi ba.

An ce gidajensu sun yi kama da namu na ƙasa. Haka ne?

Akwai kama a rufin. A mafi yawan Sifaniya rufi mai gangara ake yi da jan tayil, amma a nan shimfiɗaɗɗe ne kamar soro. Suna jera gungumen castaña kamar yadda maginanmu ke jera azara, su shimfiɗa fala-falen duwatsu a kai, sannan su daɓe da wata ƙasa mai ruwan toka da suke kira launa, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa idan ta daddaɓu, kuma lokaci zuwa lokaci sai an ƙara ta, kamar yadda ake yi wa soro yaɓe kafin damina. Bangon na dutse ne da aka shafe da farar ƙasa, kuma masana suna danganta salon da gidajen Barbar na duwatsun Maroko. Da yake ƙauyen a kan gangare yake, rufin wani gidan shi ne farfajiyar na samansa. Za a kuma ga bututun hayaƙi masu kama da an ɗora musu hula, da wasu rumfuna da aka gina a kan lungu daga gida zuwa gida, waɗanda suke kira tinao. A Pampaneira akwai lungunan da ruwa ke gudu a ƙaramar kwata a tsakiyarsu, a Bubión kuma akwai wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi, Casa Alpujarreña, inda ake ganin kayan girki da na noma da na saƙa. Kada a hau rufin kowa domin ɗaukar hoto, saboda takawa tana fasa daɓen.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Afrilu zuwa farkon Yuni, sai kuma Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. A na farkon magudanan cike suke da ruwa, ciyawa kore ce, ƙanƙara kuma tana nan a ƙololuwa. A na biyun ganyen castaña yana rikiɗa zuwa ja da rawaya. A Yuli da Agusta rana tana da ƙuna ko ga wanda ya taso a Sakkwato, domin a tudu take dukan mutum yana cikin hawa, don haka sai dai a yi sammako. Da hunturu ana iya zuwa, amma yini gajere ne, kuma inda inuwa take ruwa yana daskarewa a kan turba. A kowane hali a duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasar, AEMET, daren da za a tafi. Ban ba da shawarar a yi tafiyar ana azumi ba.

Me ya kamata a ɗauka?

Takalmi mai kaushin ƙasa da ya riga ya saba da ƙafa, ruwa kamar lita ɗaya da rabi, hula, rigar sanyi ko da an tashi da zafi a Giranada, da waya mai cikakken caji wadda aka sauke taswira a cikinta tun daga gida, domin a ƙasan kwarin sabis yana ɗaukewa. A riƙe katin zama ko fasfo, da 'yan kuɗi a hannu. Kowane ƙauye yana da famfunan jama'a da ake cika gora, sai dai idan an ga an rubuta "no potable" to ba na sha ba ne. Ruwan magudana kuwa kada a sha shi duk kyawunsa, saboda dabbobi suna kiwo a sama. Babu kuɗin shiga, abin da za a kashe shi ne kuɗin mota da na abinci.

Musulmi zai sami abin da zai ci?

Zai samu idan ya yi hattara. Yankin ya yi suna da naman alade da ake busarwa a iskar dutse, musamman a garin Trevélez da ke gaba, kuma shahararren abincin wurin, plato alpujarreño, yawancin abin da ke cikinsa alade ne. Har miyar da ake ganin ta ganye ce sau da yawa da ƙashinsa aka dafa ta, kuma wasu kayan fulawa da kitsensa ake kwaɓa su. Idan an sayi abin sha a kan kawo ɗan abin taɓawa kyauta, kamar yadda ake yi a Giranada, shi ma a tambaya kafin a kai baki. Kalmomin da za a riƙe su ne "sin cerdo", wato ban da naman alade, da "sin jamón", wato ban da busasshen naman alade, kuma a faɗi duka biyun, domin wasu ba sa lissafa busasshen a cikin nama. Abin da na saba ci shi ne patatas a lo pobre, wato dankali da aka soya da man zaitun da albasa da tattasai, tare da ƙwai, sai cukun awaki da burodi. Mafi kwanciyar hankali shi ne a taho da guzuri daga shagunan halal na Giranada. Wuraren cin abinci sukan fara na rana wajen ƙarfe 1:30 ko 2:00, shaguna da dama kuma suna rufewa bayan azahar.

Ina za a yi sallah?

A kan hanya. Tsofaffin masussukan nan shimfiɗaɗɗu ne, da tsabta, kuma ba kowa a kansu, sai a ɗauki ƙaramar sallaya mara nauyi. Alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata zuwa kudu. Ruwan alwala yana da sanyin da ke sa yatsu su sandare, ko da a watan Mayu. Kada a shiga gonar da aka shuka ko aka kewaye.

Akwai haɗari, ko yiwuwar ɓata hanya?

Ana bin alamun fenti a jikin duwatsu da turaku. Fari da rawaya na gajerun hanyoyi ne irin PR-A 70, fari da ja kuma na doguwar hanyar GR-7 ce, wadda ita ma ta ratsa Pampaneira da Bubión ta wuce gabas, don haka wanda ya bi jan fenti ba tare da lura ba zai iya tsintar kansa a hanyar wani gari. Idan layukan biyu suka gitta juna, ma'anarsa nan ba hanya ba ce. Wanda ya yi minti goma bai ga alama ba ya koma inda ya ga ta ƙarshe, kada ya yanke ta cikin gonaki, domin katangun suna da tsayi kuma ƙaya ta rufe bakin wasunsu. Makiyaya suna da manyan karnuka, idan an haɗu da garke sai a ba shi tazara, a wuce a natse ba da gudu ba. Kada a taɓa ƙofofin magudana, saboda ɗaga ƙaramin allo guda yana iya juya ruwan wani zuwa gonar wani. Kunna wuta a daji haramun ne a dokar yankin duk tsawon rani. Lambar neman agaji ita ce 112.

Zan iya zuwa ni kaɗai? Yaya suke karɓar baƙar fata ko mace mai hijabi?

A gajeriyar hanya, musamman Asabar da Lahadi, ba a daɗewa ba a haɗu da wasu matafiya ba, amma duk da haka na fi son a tafi mutum biyu ko uku, kuma a sanar da wani a birni lokacin da ake sa ran dawowa. Ƙauyukan sun saba da baƙi daga ko'ina. A zuwana na biyu muna tare da 'yan'uwa mata biyu masu hijabi, kuma abin da muka gamu da shi bai wuce kallo da tambayar daga ina muke ba. Al'adar hanya ita ce a gaida duk wanda aka haɗu da shi da "hola" ko "buenos días", dattawa kuma suna jin daɗin wanda ya fara gaishe su. Mai doguwar riga ta sa wando a ciki ta kuma zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, saboda ƙaya da laka.

Idan da sauran ƙarfi bayan an isa Capileira, ana iya zarcewa Mulhacén?

A'a, wannan tafiya ce dabam. Daga Capileira zuwa ƙololuwar hawan mita 2,000 ne, yanayi yana juyawa cikin ɗan lokaci, kuma daga kaka zuwa ƙarshen bazara sai da kayan hawan ƙanƙara da sanin amfani da su. Da rani akwai ƙaramar motar gandun da ke ɗaukar mutane daga Capileira ta rage musu hanya, amma sai an kama wuri tun da wuri, kuma gara a kwana a ƙauyen a tashi da asuba. Wanda ya isa da wuri yana da awa uku zuwa huɗu kafin motar ƙarshe zai iya bin zagayen La Cebadilla, wanda ke shiga can cikin kwarin zuwa wata unguwa da aka gina wa ma'aikatan tashar wutar lantarki, wadda yanzu babu kowa a cikinta sai gidaje da ƙaramin coci, sannan ya dawo ta ɗaya gefen kogin. Idan lokacin bai kai haka ba, a tsaya a Capileira, a leƙa shagunan jarapa, dardumar da asali ake saƙawa da tsummokaran da aka yayyanka, kuma a kasance a wurin tsayawar bas minti goma sha biyar kafin lokacinta.